Jan Ƙyalle a Gonar Auduga

Ni Hajo ba a taka mini gona. Kowa ya san haka a ƙauyenmu, tun daga bakin rafi har hanyar Gozaki. In akuya ta shiga, mai ita zai ji abin da bai taɓa ji ba, in kuma mutum ya ratsa don ya rage hanya, to gobe da kansa zai zagaya. Shekara tara ke nan da rasuwar maigidana, kuma tun lokacin ni nake noma audugar nan da hannuna. Mutum ɗaya tak na yarje wa ya shiga duk sa'ar da ya ga dama, shi ne Malam Ganiyu mai hoto.

Sunansa ne kawai na Yarbawa. A Funtua aka yanke masa cibiya, can bayan tashar jirgin ƙasa, inda ubansa ya yi ɗinki har Allah ya karɓi abinsa. Shagonsa na Malumfashi ya haura shekara talatin. Duk wanda ya yi aure a yankinmu, ko zai tafi Makka, ko ɗansa zai shiga makaranta, sai ya zauna gaban jan labulen nan nasa an ce masa ya ɗaga haɓa. Hoton maigidana da ke rataye a ɗakina shi ya ɗauka. Da waya ta cika gari kowa ya zama mai hoto, shagon ya yi sanyi, sai bawan Allahn nan ya koma ɗaukar abin da ba wanda zai ɓata lokacinsa a kai, wato gizo-gizo.

Ranar da ya fara zuwa, daminar bara waccan, ya tsayar da babur a bakin gona, ya yi sallama, ya faɗi abin da ya kawo shi. Na yi dariya har sai da na dafa fartanya. Na tambaye shi ko mutane ne suka ƙare a Malumfashi. Bai ji haushi ba, ya kunna kyamarar ya miƙo mini, ya ce in duba bayanta.

Wallahi sai da na ja da baya. Wata halitta ce fara sol zaune cikin furen auduga, ta buɗe dogayen hannuwa, ƙananan idanu jere a goshinta, gashin ƙafarta ma ana gani ɗaya-ɗaya. Ta cafke wuyan ɗan malam-buɗe-littafin nan mai launin ƙasa, garin fure ya manne a jikinsa, kowace ƙwaya kamar gero. Malam Ganiyu ya ce girman abin bai wuce ƙwayar wake ba, gilashin kyamarar ne ke kumbura shi. Ya ce irin wannan gizo-gizon ba ya saƙa, zama yake yi cikin fure mai launin jikinsa ya yi lamo har abinci ya kawo kansa. Wanda ya kama ɗin nan kuwa shi ne ke zuba ƙwan tsutsar da ke huda mana auduga.

Na ce, "Ashe ina da 'yan ƙwadago a gona ban sani ba." Na ce ya shiga, amma in ya karya mini reshe ɗaya, ni da shi ne.

Haka muka saba. Yakan zo da sassafe, raɓa ba ta bushe ba, iska ba ta tashi ba, don ya ce in reshe ya motsa ko kaɗan hoton ya lalace. Sai ya shimfiɗa buhu tsakanin kunyoyi, ya durƙusa ko ya kwanta rub da ciki, ya kai bakin kyamarar dab da fure, ya riƙe numfashi. Dattijo da furfurarsa, sai ya yi awa guda a haka ko tari babu. Na sha gaya masa wata rana tautau zai yi masa fitsari a fuska ya tashi da ƙuraje, ba ruwana. Da yake gano abin da wuya, in ya dace da ɗaya sai ya ɗaura ɗan jan ƙyalle a jikin audugar don ya gane wurin in ya dawo. Tsohon labulen shagonsa ne ya yayyanka. Ni na saba ganin ƙyallayen har na daina lura da su.

To amma zamanin da muke ciki ba na wasa ba ne. Bara da kaka 'yan bindiga suka fito daga daji suka ɗauke mutum uku a gona da rana tsaka, cikinsu har da Mannir, ɗan yayana. Biyu sun dawo, Mannir bai dawo ba. Kowa ya yarda wani ne ya nuna musu hanya, amma ba a san ko wane ne ba. Wansa Kabiru ya ajiye noma ya rataya bindiga, ya zama shugaban 'yan sintirin ƙauyen. Ni na goya Kabiru, na san zuciyarsa, mutumin kirki ne baƙin ciki ya cinye. Tun daga lokacin ba abin da ake tsoro a garinmu kamar a kira mutum infoma. In aka liƙa maka sunan nan, ko ka tsira da ranka ba ka sake zama cikin mutane.

Wata Laraba cikin watan Satumba, auduga tana tsakiyar fure, ina tsakar gida ina tankaɗe sai na ji hayaniya ta nufi ƙofar Mai Unguwa Jibo. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce an kama infoma a gonata. Na ce gonar wa? Ban tsaya wanke hannu ba, na yafa mayafi na fita da gari har gwiwar hannu.

Zauren cike yake da maza, kuma a garinmu mace ba ta shiga irin wannan zama. Na kutsa, na taka ƙafar wanda ya ƙi matsawa. Malam Ganiyu yana zaune a ƙasa, an ɗaure hannuwansa ta baya da igiyar shanu, leɓensa a fashe, tabarau ɗinsa babu. Gaban Mai Unguwa an ajiye kyamarar da tulin jajayen ƙyallaye. Kabiru yana tsaye yana bayani, wai yaransa suna sintirin safe suka ga alamomi goma sha ɗaya, tun daga bakin hanya, suka ratsa gonar har kusa da bayan gidaje. Da suka bi su suna tsinkewa sai suka tarar da mutum kwance a ɓoye cikin auduga, ya saita wani baƙin abu mai dogon baki ta wajen gari.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni na ba shi izini. Gonata ce, baƙona ne."

Kabiru bai ko dube ni ba. Ya ce, "Goggo, ki koma gida. Wannan ba maganar mata ba ce."

Na ce masa lokacin da nake wanke masa kashi bai ce ba maganar mata ba ce. Wasu suka sunkuyar da kai suna cije dariya. Na ce ya ciro hoton Mannir da ke aljihunsa kullum, ya juya bayansa ya karanta wa jama'a sunan shagon da ke jiki. Ya dafe aljihun, bai ciro ba. Ya ce ai shi ya sa mutumin ya san fuskar kowa da gidan kowa. Nan na ga zauren ya gyaɗa kai.

Malam Ganiyu ya roƙi a kunna kyamarar a duba abin da ke ciki. Aka kunna, ta riƙa yawo daga hannu zuwa hannu. Ni na ɗauka magana ta ƙare, ashe yanzu ta fara. Wani ya yi a'uziyya ya ce wannan dodon ya kai akuya girma, da yana gonar Hajo da tuni ya cinye Hajo. Wani ya ce shekara arba'in yana noman auduga bai taɓa ganin wannan abu ba, daga waya aka kwaso shi aka zuba don rufe ido. Kabiru ya ce hotunan gaskiya an riga an tura su inda za a tura. Malam Ganiyu yana ta bayani a hankali da leɓensa mai jini, ba mai sauraro. Raina ya ɓaci har na ji kunnuwana suna zafi.

Mai Unguwa Jibo tsoho ne mai sanyin hali, amma ba ya son jini a ƙofarsa. Ya ce a je gonar a nuna masa halittar da ransa. Malam Ganiyu ya ce yanzu rana ta yi, ga hadari ya haɗo, furanni sun fara rufewa, sai dai da safe in sababbi sun buɗe. Mai Unguwa ya yanke cewa baƙon zai kwana a zaurensa, ba mai taɓa shi. Gobe in rana ta ɗaga za a je. In an ga abin a kan fure kamar yadda yake a hoto, a sake shi. In ba a gani ba, zai danƙa shi ga 'yan sintiri su kai shi gaba. Duk wanda ke zauren ya san ba kowa ake tafiya da shi haka ya isa inda aka ce za a kai shi ba.

Kafin in fita na sunkuya kusa da Malam Ganiyu na tambaye shi wanne zai nuna, tunda sun tsinke ƙyallayen duka. Ya ce babban nan da ya ɗauka da safen, yana kusa da suri, amma shi ba zai iya gane kunyar ba. Na ce ya bar mini wannan. Surin gonata ɗaya ne, a kunya ta bakwai daga gindin ɗorawa.

Washegari Alhamis, na idar da sallar asuba, gari ya fara wayewa, ina hura wuta sai na ji wata ƙara daga wajen rafi, ƙiƙi-ƙaƙa, ƙiƙi-ƙaƙa. Na san ƙarar nan kamar muryar 'ya'yana. Famfon feshi ne.

A garinmu feshin auduga gayya ake yi. Tun zamanin iyayenmu, in fure ya fito, ana tsayar da rana ɗaya a fesa gonakin kowa da safe ɗaya, don kada ƙwarin wannan su gudu gonar wancan. Daga gabas ake farawa, bakin rafi, kuma gonata ce ta farko. Wanda ya hana a fesa tasa an cire shi daga gayyar, in tsutsa ta ɓata audugar maƙwabta kuma shi za a zaga har kaka. Ranar Alhamis ɗin nan ni da bakina na matsa a tsayar da ita, har na yi wa Mudi shugaban masu feshin tas a makon da ya wuce don yana jan ƙafa. Duk mutanen da suka cika zauren jiya manoman auduga ne, duk sun san gobe feshi, amma ba wanda ya haɗa wannan da wancan, har ni. Mu a wurinmu magani tsutsa yake kashewa, shi ke nan. Sai a lokacin na tuna Malam Ganiyu ya taɓa ce mini duk bayan feshi sai ya yi kwana goma bai ga gizo-gizo ko ɗaya a kan fure ba, sai gawarwakinsu a ƙasa sun dunƙule ƙafafu.

Na bar wutar tana ci, na suri fartanya. Rabona da gudu tun ina budurwa, amma ranar na yi. Takalmina ɗaya ya maƙale a taɓon bakin rafi, ban waiwaye shi ba. Da na iso, maza shida sun jeru da tankuna a baya, sun rufe hanci da tsumma, sun gama kunya huɗu suna shirin shiga ta biyar. Warin maganin ya cika wurin.

Na shiga gabansu na tsaya tsakiyar kunya ta biyar, na ɗaga fartanya. Numfashina ya ƙi fita, sai da hannu na yi musu alama su tsaya. Mudi ya janye tsumman bakinsa ya gaishe ni, yana zaton wani abu na manta. Da na samu magana na gaya masa ba za a ƙara fesa ko ganye ɗaya ba sai Mai Unguwa ya zo ya tafi. Ya ce an riga an dama magani, ba ya jira, in rana ta ɗaga iska za ta tashi aikin ya lalace. Ya ce da idonsa ya ga tsutsa a 'ya'yan audugata, in aka tsallake ni yau sai bayan mako biyu, in ma an yarda a dawo. Na ce na ji. Ya ce saboda infoma zan zubar da noman shekara? Na ce ya sake faɗin kalmar nan ya ga yadda fartanya take shiga tanki.

Ya ce, "Hajiya Hajo, kin san doka. In mun juya yau, kin fita daga gayya."

Na ce, "Na fita. Wanda ke son kaiwa ga kunya ta bakwai ya fara fesa ni."

Ɗaya daga cikinsu, wani mai taurin kai, ya ɗauka wasa nake, ya zagaya ta hagu yana matsa famfo. Na kai masa fartanya na maƙalo sandar feshin na fizge ta ƙasa. Maganin ya wanke mini hannun dama har kafaɗa. Nan take fatar ta fara raɗaɗi kamar an goga barkono, idona ya kawo ruwa, amma ban saki ba. Mudi ya daka masa tsawa, ya ce su bar ni da gonata, wai matar nan ta haukace. Suka juya suka nufi gonar maƙwabcina. Na bi su da murya na ce su fara daga can ƙarshen yamma, in iska ta kawo mini ko ɗigo ɗaya za mu haɗu a gaban Mai Unguwa. Suka yi gunaguni, amma can ɗin suka fara.

Ba zan ɓoye ba, abin da Mudi ya faɗa ya faru. Tsutsa ta ci kusan rabin audugata bana, kuma har yau akwai matan da ba sa amsa gaisuwata a bakin rijiya. Na ji zafin wannan ƙwarai. Amma safiyar nan ban yi tunaninsa ba. Na wanke hannuna a rafi na dawo na tsaya a bakin gona, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu, ina kallon furanni suna buɗewa, ina roƙon Allah ya sa warin bai kai kunya ta bakwai ba. Ban kuskura na je dubawa ba, don kada in girgiza reshen in kore shi da kaina.

Sai da rana ta ɗaga sosai suka iso, Mai Unguwa a gaba da sandarsa, Malam Ganiyu a ɗaure, Kabiru da bindiga a kafaɗa da kyamarar a hannu, bayansu rabin gari. Na tare su na ce gonata ba kasuwa ba ce, mutum uku za su shiga, Mai Unguwa da Kabiru da baƙona, sauran su tsaya a hanya. Wani ya fara magana, na dube shi, ya haɗiye.

Na ƙirga kunyoyi daga ɗorawa har bakwai, muka bi a hankali zuwa surin. Ga audugar nan, har da ɗan zaren ja da ya rage inda aka tsinke ƙyallen. Kabiru ya kunna kyamarar ya duba hoton ƙarshe, farin fure da farin dodo a ciki, sannan ya dubi reshen. Furen da ke wurin ja ne, ya yamutse ya sunkuya. Ya buɗe shi da yatsa, ba komai a ciki.

Ya ce, "Ina yake?"

Malam Ganiyu ya sunkuya yana ƙifta ido, amma ba tabarau, ko yatsunsa ba zai gani da kyau ba. Daga bakin hanya na ji guna-guni ya fara tashi. Mai Unguwa ya sauke ajiyar zuciya ya dafa sandarsa zai juya. Tsoro ya kama ni sosai, na ce a raina shi ke nan, warin ya iso.

Sai kuma haushi ya zo mini, haushin kaina da nasu duka. Manoman auduga uku a tsaye, har mun manta abin da kowane yaro ya sani. Furen auduga kwana ɗaya yake yi fari, in ya kwana ya koma ja. Na jiya ne wannan. Abin da ke ɓuya da farin jikinsa me zai zauna yi a jan fure? Na ce kowa ya tsaya inda yake. Na bi reshen sama da ido, ga sababbin furanni biyu da suka buɗe da safen nan. Na leƙa na farko, wayam. Na leƙa na biyu, shi ma kamar wayam, sai dai a gefe ɗaya akwai wani ɗan tudu da ban yarda da shi ba.

Malam Ganiyu ya ce a hankali kada kowa ya taɓa, kada kowa ya yi magana, a jira ƙwaro ya zo. Na ja rigar Kabiru na ce ya durƙusa, tunda shi ne mai son gani. Ya durƙusa cikin taɓo, bindigar tana zungurar ƙasa. Mai Unguwa ma ya dafa kafaɗarsa ya ranƙwafa. Ba abin da ake ji sai famfon su Mudi can nesa. Hannuna yana ta raɗaɗi, gumi yana shiga idona, ban share ba. Ƙuda ya zo ya zagaya ya wuce. Na ƙudurta a raina ko za mu kai azahar a nan ba mai tashi.

Can sai ga wata 'yar ƙudan zuma ta sauka a bakin furen, ta kutsa kai ciki. Ɗan tudun nan ya buɗe hannuwa ya rufe a kanta, da saurin da ido bai kama ba. Ta yi ta kaɗa fiffike, sannan ta yi laushi. Kabiru ya zabura har ya kusa faɗawa kan audugar bayansa. Abin kuwa bai fi ƙwayar wake ba, yana zaune a wurin tun ɗazu muna kallonsa ba mu gan shi ba.

Malam Ganiyu ya gaya wa Kabiru inda zai danna, ya ce ya kai bakin kyamarar kusa ya duba bayanta. Ya yi. Ina tsaye a kansa na ga dodon jiya ya cika gilashin, da jerin idanunsa da gashin ƙafarsa, ga ƙudan zuman a hannunsa. Kabiru ya dubi gilashin, ya dubi furen, ya sake duban gilashin. Ya miƙa wa Mai Unguwa. Tsohon ya daɗe yana kallo, sannan ya yi tasbihi ya ɗaga murya yadda na bakin hanya za su ji, ya ce ya gani da idonsa, a kwance mutumin.

Kabiru da kansa ya kwance igiyar. Bai ba da haƙuri ba, ban kuma yi zaton zai iya ba. Ya ciro tabarau daga aljihun da hoton Mannir yake, ƙafa ɗaya a karye, ya miƙa. Ya ce wa Malam Ganiyu ya hau babur ɗinsa ya koma Malumfashi, kada ya sake zuwa, don ba kullum zai kasance a wurin ba in wasu suka gan shi kwance a gona. Mai Unguwa ma ya ce shawara ce mai kyau, zamani ya lalace, kowa ya tsaya inda aka san shi.

Malam Ganiyu ya murza wuyan hannunsa inda igiya ta ci. Ya maƙala tabarau a kunne ɗaya ya dube su.

Ya ce, "Inda aka san ni? Shekarata hamsin da takwas a ƙasar nan. Na ɗauki hoton iyayenku, na ɗauki na 'ya'yanku. Jiya zaure cike da mutanen da suka zauna gaban labulena, amma ban da Hajiya sai gizo-gizo ne ya yi mini shaida."

Daga can gefen gona Mudi ya ɗaga murya yana tambaya ko yanzu sa iya ƙarasa feshin, tunda an gama. Na ce masa ya wuce, wanda ya ceci ran baƙona ba za a kashe shi a gonata ba.

Na ɗauka Malam Ganiyu zai nufi babur. Sai ya miƙa hannu ya karɓi kyamararsa daga hannun Mai Unguwa, ya goge bakinta da gefen riga. Ya tambayi Kabiru ina ƙyallayensa. Kabiru ya zaro tulin daga jakarsa. Malam Ganiyu ya zaɓi ɗaya, ya sunkuya a gaban rabin gari ya ɗaura shi a jikin audugar, ƙulli biyu. Sannan ya durƙusa cikin taɓon, ba ko buhu, ya kai kyamarar dab da furen. Ya ɗan jima a haka, ya ɗago kai.

Ya ce, "Kabiru, matsa gefe, ka tare mini haske."

Kabiru ya matsa.